Da Sauƙi

Jikata ce ta ja ni asibiti, ba don na so ba. Ta ce ramar da nake yi ba ta tsufa ba ce, na ce mata ita da ba ta taɓa tsufa ba ina ta san irin ramarsa. Ba ta kula ni ba. Ta sa aka ɗebi jinina, aka kwantar da ni a wani gado aka shafa mini abu mai sanyi a ciki, ana kallon kayan cikina a talabijin. Da sakamako ya fito muka koma wurin likita, wani yaro mai fara'a wanda a haife na yi jika da shi. Ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Hajiya, ya jiki?" Na ce da sauƙi. Jikar nan ta harare ni, ta ce in da sauƙi me ya fito da mu tun da sassafe. Likita ya yi murmushi, ya duba takardun da ke gabansa, sai na ga murmushin ya ragu. Daga nan ya juya wajenta suka shiga Turanci, shi yana magana ƙasa-ƙasa, ita tana kallon yatsun ƙafarta. Ni mai cikin ina zaune a tsakaninsu kamar buhun da aka kawo awo. A nan ne Malamin asibitinmu na da ya faɗo mini a rai, mutumin da na daɗe ban zauna na tuna shi da kyau ba.

Yaran yanzu suna ɗaukar "da sauƙi" ƙarya ce tsagwaronta. Mu ba haka muka tashi muka same ta ba. Ƙauyenmu yana gefen Getso, kuma mu jikokin makiyaya ne da suka jingine sanda suka ɗauki fartanya, amma ba su jingine kunya ba. A wurinmu wanda ya buɗe baki ya ce ciwo ya dame shi, kamar ya kai ƙarar Ubangiji ne gun bayinsa. Mace tana naƙuda sai ta ciji bakin zane, maƙwabta ba za su san ana ciki ba sai sun ji kukan jariri. Namiji kuwa ko kunama ce ta harbe shi yana noma, sai ya kai kunyar da ya ɗauko ƙarshe kafin ya zauna. Kunya biyu ke nan ta riƙe shi, ta gona da ta idon mutane. An taɓa yin wani tsoho a unguwarmu, mai dubiya ya tambaye shi jiki ya ce da sauƙi sosai, mai dubiyar bai gama sa takalmi a zaure ba aka sa salati a cikin gida. Ba wanda ya ce tsohon ya yi ƙarya. Cewa aka yi ya tafi da mutuncinsa.

Zamanin gyaɗa ne, lokacin da ita ce kalandar kowa. Da kaka garin ba ya shiru. Tun hantsi kake jin lugude a gidaje ana ɓarar gyaɗa a turmi, mata na sheƙe ɓawo iska na kwasa, jakai na wucewa da buhuna zuwa wurin sikeli, da yamma kuma ƙamshin tuyar ƙuli-ƙuli ya cika lungu har ya kama tufafin mutum. Mu 'yan mata mukan bi gonakin da aka cire mu yi kala, mu dawo da farce cike da ƙasa da baki cike da ɗanyar gyaɗa. Harawa a kan bishiya, harawa a kan rufin ɗaki, tumaki na ɗaga kai suna kallonta. Komai na rayuwa an jingina shi da ita. Aure sai an cire gyaɗa, gyaran katanga sai an cire gyaɗa, ziyarar dangi, sulhun 'yan'uwa, har zuwa neman magani, duk sai an cire gyaɗa. Mahaifina, wanda muke kira Baba, ya fi kowa riƙe wannan kalma. Inna takan ce ko mala'ikan mutuwa ne ya yi masa sallama, cewa zai yi ya dawo bayan kaka. A lokacin dariya muke yi.

Magani kuwa na gida ne. Wanzami na nan da ƙahonsa da askarsa, mai ganye na nan da sassaƙe da saiwoyi, malamai na ba da rubutu, kuma kowa ya san iyakar kowa. Asibiti ne baƙo. Babban na birni mutanenmu sun ɗauke shi zauren lahira, don ba a kai mutum sai an gama gwada komai. In ka ga an shimfiɗa wa mara lafiya tabarma a kan buhuna a motar gyaɗa an nufi Kano da shi, to mata sun fara yafe masa ke nan. Ƙaramin kuma, na sha-ka-tafi da ke Gwarzo, ɗaki biyu ne da rufin kwano, yana warin aidin, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da shi. Shi muke kira Malamin asibiti. Ba likita ba ne, shi da kansa yakan faɗa. In an kira shi likita sai ya ce a bar wa masu abu abinsu. Dogo ne siriri mai ɗan gemu, ba ya sauri a magana ko a tafiya. Ranar kasuwa yakan ɗaure akwatin katako a bayan kekensa ya zagayo ƙauyuka, ya kafa ɗan tebur a gindin tsamiya, ya kunna risho ya tafasa allurarsa. Da farko daga nesa ake leƙensa. Da aka ga gyambon da ya shekara yana ruwa ya ƙafe a hannunsa, sai aka zarce, kowa allura yake so. Mai mura allura, mai ciwon kai allura, har akwai tsohuwar da ta jawo masa akuyarta.

Abin da ya sa nake cewa samun irinsa sai an tona, shi ne yadda ya iya da "da sauƙi" ɗinmu. Bai taɓa faɗa da ita ba. Zai ce ya jiki, ka ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya tambayi gida da yara da shanu da ruwan bana, har sai gaisuwa ta ƙare tas. Sannan ya gyara zama ya shiga wasu tambayoyi da ba su yi kama da na ciwo ba. Sallar asuba a tsaye ka yi ta ko a zaune? Tuwon jiya kai ka cinye, ko an mayar da saura? Wa ya kai shanu rafi yau? Wandon nan naka, mazaginsa ka ƙara ja ne? Mutumin da ba zai taɓa cewa yana jin ciwo ba, ba zai yi ƙarya a kan sallarsa ba. Haka yake zagayawa ya samo ciwon ba tare da ya zubar wa kowa da mutunci ba. Abin da ya ji a gindin tsamiyar nan kuwa a nan yake barinsa, yakan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matan garinmu, da ba a kai su son jin ƙwaƙwaf ba, sun gwada shi da fura, sun gwada shi da kirari, ko za su ji me ke damun wance, bai taɓa ce musu ƙanzil ba.

Yanzu bari in faɗi inda nawa ya shigo. Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma wanda ya san al'adarmu ya san abin da hakan ke nufi. Iyaye ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa wasa da shi, ba sa nuna sun san da zamansa a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni wurin Goggo, yayar Baba, a wani ƙauye kusa da Jama'a, can na girma. Inna ta ɗan sassauta da na yi wayo, amma Baba bai sassauta ba. In na zo gida ina tsaye a gabansa, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa waccan ta kawo ruwa." Da aka yi mini aure a Kabo na samu ƙarin girma, na tashi daga "waccan" na koma "ta Kabo". Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, ban kuma taɓa ganin ƙwayar idonsa da kyau ba. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce, ni ma da na haifi nawa na fari haka na yi masa. Amma sanin abu al'ada ne ba ya hana shi zafi. Ina son mutumin nan, kuma ban san ko ya damu da ni ba.

Shekarar da nake goyon ɗana na fari, da farkon damina, Inna ta aiko mini da saƙo biyu. Na ɗaya, Baba ba ya jin daɗi, amma da sauƙi. Na biyu, ya ce a gaya wa ta Kabo in an cire gyaɗa yana da magana da ita. Na biyun nan ya hana ni sukuni. Magana da ni, kuma daga bakinsa. Na roƙi maigidana ya bar ni in je jinya, na goya yaro na kamo hanya. Abin da na tarar ya tsinka mini zuciya. Mutumin da ke ɗaga buhu shi kaɗai ya zama ƙashi da fata, idonsa ya yi rawaya, cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Malamin asibiti ne ya gano shi, ta sallar zaune da tuwon da ake mayarwa, ya kuma matsa sai an kai shi birni. Baffa, ƙanen Baba, shi ya raka shi. Ba su daɗe ba suka dawo da ƙwayoyi a ƙunshe, aka ce an ce ya je gida ya huta. Baffa kaɗai likitan birni ya ja gefe ya yi wa bayani, shi kuwa ya dawo yana gaya wa kowa an dace.

Ranar da Malam ya zo duba shi, Baffa ya tare shi a zaure. Ni na kawo musu fura, kuma da yake ba a saba lissafi da ni a gidan ba, ba su yi shiru ba. Baffa ya gaya masa abin da likitan ya ce: hanta ce, kuma ta wuce magani. Malam ya ce dama ya yi zargin haka. Sai Baffa ya roƙe shi abu biyu. Kada ya bari Yaya ya sani, don magana zarar bunu ce, kuma ba mai sanin gawar fari sai Allah. Sau nawa mai jinya ya riga mara lafiya. Sannan ya riƙa yi masa allura duk zuwa, ko da ruwa ne zalla a ciki, don hankalinsa ya kwanta ya ga ana yi masa wani abu. Ba mugunta ce ta sa Baffa ba, ƙauna ce, kuma da an tambayi garin nan kaf, bayansa za su bi. Malam ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya kafin ya amsa.

"Baffa, abin da bai tambaye ni ba, ba zan ɗora masa ba. Amma ranar da ya tambaya, ba zan yi masa ƙarya ba. Allurar ruwa kuwa ba na yi. In na yi masa yau, gobe in na soka wa ɗanka ta gaske, da me za ka san bambanci?"

Baffa ya ce ai don amfanin Yaya ne. Malam ya ce ya sani, amma jikin na Baba ne, kwanakin da suka rage ma nasa ne, ba na mai magani ba ne, ba kuma na dangi ba.

Na fita daga zauren. Gyaɗa a lokacin ko fure ba ta gama ba. Na leƙa gonar bayan gida na ga 'yan furannin nan rawaya-rawaya, na san Baba ba zai ga cirarta ba. Kwanaki suka yi ta tafiya. Ni ke daka, ni ke dama kunun da ba ya sha, ni ke wanke masa tufafi in shanya a kan darni ruwa ya sake jiƙa su. Masu dubiya na shiga suna fita, ya jiki, da sauƙi, Allah ya ƙara sauƙi. Sannu a hankali kowa a gidan ya sani, kuma kowa na yi wa kowa da sauƙi. Maganar da aka yi mini alkawari kuwa tana can an jingine ta da kaka. Da abin ya ishe ni, wata ranar kasuwa na bi Malam gindin tsamiya, na jira mutane suka watse, na durƙusa na ce don Allah ya gaya wa Baba gaskiya, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Na zaci zai goyi bayana tunda ya ƙi ta Baffa. Ya saurare ni har na gama, ya tambayi lafiyar yaron da ke bayana, sannan ya ce amsar da ya ba Baffa ita zai ba ni. Akwai mai son ya sani, akwai wanda sanin zai karya shi, kuma ba ni ce zan zaɓar masa ba. Abin da zai iya shi ne ya riƙa zama kusa da shi, yadda in tambayar ta zo ba za ta rasa wanda za ta samu ba. Na tashi ina jin haushinsa, a raina ina cewa wannan wane irin mutum ne da bai iya daɗaɗa wa kowa ba.

Haka kuwa ya riƙa yi. Duk zuwa, in ya gama duba shi ya ba shi abin rage zafi, ba ya ɗaukar akwati ya tashi. Sai ya zauna a bakin gado, kafin ya tafi ya ce, "Baba, ko akwai abin da kake son tambayata?" Baba ya ce babu, sai godiya. Ran nan da hantsi, cikin marka, ruwa ya ɗauke ke nan, ina tsugune a ƙofar ɗakin ina dama kunu, na ji Malam ya yi tambayar tasa. Wannan karon Baba ya ce akwai. Malam ya miƙa hannu zai saki asabari, Baba ya ce a bar shi a ɗage. Ya san ina wurin.

"Malam, kullum kai ke tambayata jiki ina ce maka da sauƙi. Yau ni zan tambaye ka. Da sauƙi?"

Ludayi ya tsaya a hannuna. Kalma biyu ce, ko yaro ka tambaya zai ba ka ita. Da Malam ya faɗe ta, ba wanda zai kira shi maƙaryaci a garin nan.

"Kana so in faɗi abin da idona ya gani, ko in bar shi a wurina?"

"Faɗi."

"Sauƙi na wurin Allah, Baba, kuma ban san ranar kowa ba. Amma maganina ya kai iyakarsa, na birni ma haka. In akwai abin da ka ajiye sai an cire gyaɗa, kada ka jira gyaɗa."

Na jira in ji salati ko kuka. Abin da na ji shi ne Baba ya sauke numfashi ya yi hamdala. Ya ce dama jikinsa ya gaya masa, amma ya ga duk gidan sun wahala suna ɓoye masa, shi ya sa ya taya su. Sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Kai kaɗai ka ɗauke ni babba."

Baba da kansa ya kira Baffa ya ce a daina wahala, ya sani. Kafin la'asar magana ta zaga gari. Baffa ya yi faɗan da ban taɓa jin ya yi ba, ya ce Malam ya sa ɗan'uwansa ya yanke ƙauna, ya shiga hurumin da ba nasa ba. A bakin rijiya mata suka ce mugun baki gare shi, in ya dube ka ya ce ka tafi, to ka tafi. Kasuwar da ta biyo baya gindin tsamiya wayam, daga shi sai rishonsa. Har masu gyambon da ya kusa warkewa suka koma wa ganye. Yardar da ya yi shekaru yana tarawa ta zube a yini ɗaya, kuma na tabbata ya san haka za ta faru tun kafin ya buɗe baki. Bai je ya wanke kansa wurin kowa ba, don wanke kan sai ya faɗi abin da ke tsakaninsa da mara lafiya. Limaminmu, wanda ke karantar da yara a zaurensa, shi kaɗai ya ce a bi a hankali. Ya ce mutumin nan bai ce ya san ajali ba, cewa ya yi maganinsa ya ƙare, kuma wanda aka ba damar yin wasiyya da neman gafara ba a cuce shi ba. Ba a saurare shi sosai ba. Baffa ya ce kada Malam ya sake taka gidan, Baba ya aiko daga ɗaki cewa gidan dai har yanzu nasa ne. Malam ya ci gaba da zuwa, yana tura keke cikin taɓo, alhali ba sauran abin da zai warkar. Yakan juya Baba, ya goge masa baya, ya nuna wa Inna yadda za ta tallafe shi ya sha ruwa. A wurinsa na fara ganin magani na iya ƙarewa jinya ba ta ƙare ba. In zai tafi yakan tsaya a zaure ya gaida Baffa, ko da ba a amsa masa ba.

Baba kuwa ya shiga kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabcin da suka yi shekaru suna ja-in-ja a kan iyakar gona, ƙannena, Inna, har Baffa, wanda ya fito yana share ido da hannun riga. Ni ina gefe ina jira, har na fara cewa ko an manta da ta Kabo. Wata safiya ina sharar tsakar gida na ji an kira wani suna daga ɗaki. Ban waiga ba, don kunnena bai taɓa jin muryar nan da sunan nan a haɗe ba. Sai da aka sake kira, Inna ta bar abin da take yi ta dube ni ta ce, "Ke ake kira." Tsintsiya ta suɓuce mini. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa yadda na saba, ya ce in matso. Ya dube ni ido cikin ido, na ga ashe idanunmu iri ɗaya ne.

Ya tambaye ni ko ina tuna alewar da Goggo ke ba ni ranar kasuwa ina ƙarama. Na ce ina tunawa. Ya ce Goggo ba ta taɓa sayen alewa ba. Shi ke kawowa, ya miƙa mata ta kan darni, ya tsaya a bayan darnin har sai ya ji muryata ina wasa, sannan ya kamo hanya ya dawo. Shekarar da na yi ƙyanda kuwa a bayan darnin nan yake yini, bai shiga ba don kada a ce ya rasa kunya. Maganar da ya ajiye mini ke nan, ba gona ba ce, ba saniya ba ce. Ya ce ya so ya zo Kabo da ƙafarsa bayan kaka, da sabuwar riga, ya zauna a ɗakina ya faɗa mini. "Ki yafe mini," ya ce, ya sake kiran sunan. Na yi kuka irin wanda ba a yi a gidanmu, bai kuma hana ni ba. Da na samu bakin magana sai na ce, "Baba, ya jiki?" Ya yi 'yar dariya ya ce, "Yau kam da sauƙi." Na sha jin kalmar nan a bakin mutane kafin ranar da bayanta, amma ranar ce na yarda da ita har cikin raina.

Ya rasu gyaɗa na gab da nuna, ƙannena suka cire ta ba shi. Da an bi ta Baffa, da maganar nan ta bi shi kabari, ni kuma na tsufa ina zaton ubana bai san da ni ba. Da an bi tawa aka ɗora masa kafin ya shirya, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Mutanen gari sun daɗe suna gudun tsamiya, amma ciwo ba ya jin gulma. A hankali suka dawo, aka kuma fara wata magana daban, cewa in Malam ya ce za ka warke to ka sa a ranka, don ba ya faɗa don daɗin baki. Baffa ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwarsa. Amma da nasa ciwon ya zo, ƙanena ya gaya mini, shi da bakinsa ya ce a ɗauko masa Malamin asibiti, ya kuma kori kowa daga ɗakin kafin ya yi tambayarsa. Daga baya aka canja wa Malam wurin aiki, ban san inda ya ƙare ba. Na san dai ƙasa ta daɗe da rufe shi, Allah ya haskaka kabarinsa.

Ba na cikin tsofaffin da ke cewa komai na da ya fi. Na ga yaran da ƙyanda ta kwashe, na ga matan da haihuwa ta tafi da su a kan jaki ana neman mota. Yanzu ga asibitoci, ga na'urar da ke leƙa cikin mutum ba a tsaga shi ba, ba mai kiran asibiti zauren lahira. Sai dai layin da ke ƙofar likita ba zai bar shi ya tambaye ka yadda ka yi sallar asuba ba. Kuma ciwon mutum kafin ya ji sunansa ya riga ya zaga wayoyin dangi, na Kano ya sani, na Kaduna ya sani, mai shi na kwance ana ce masa da sauƙi. Gyaɗa ta tafi, sikeli ya tafi, amma roƙon da Baffa ya yi a zaure har gobe ana yin sa, sai dai yanzu da Turanci.

Duk wannan ya zo mini ina zaune tsakanin likita da jikata. Na bari ya kai aya, sannan na ɗan buga sandata a ƙasa.

"Ɗana, cikin nan da kuke magana a kansa, a jikina yake. Juyo ka faɗa mini da Hausa."

Jikata ta fara cewa ai ba komai ba ne, da sauƙi. Na ce mata ita da ta hana ni faɗa ɗazu, ita ce kuma yanzu take ara. Yaron nan, Allah ya yi masa albarka, ya ji kunya. Ya ajiye biro, ya jawo kujerarsa har gwiwarsa ta kusa taɓa tawa, ya ce, "Hajiya, kina so in faɗa miki duka, ko mu bi kaɗan-kaɗan?" Da na ji tambayar sai na ji sanyi a raina, na ce ashe irin Malam bai ƙare ba. Na ce duka. Ya faɗa a hankali, bai rage ba, bai kuma ƙara gishiri ba. Ba sai na maimaita a nan ba, ya isa in ce ban yi mamaki ba.

A mota jikata na ta sharar hawaye. Na ce ta bari, ta ciro wayarta ta kira mini babanta. Shi ne yaron da ke bayana a gindin tsamiya. Yanzu furfura ta cika masa gemu, yana can Kano da iyalinsa, kuma tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. "Na birni" nake ce masa. Ta tambaye ni me za ta ce masa. Na ce ta ce ina da magana da shi, ya zo gobe, kada ya ce sai ƙarshen wata, kada ya ce sai an yi hutu. Ya ce yana tafe da safe. Tun da muka dawo gida nake zaune a bakin gado ina gwada sunan a bakina, a hankali, don kada gobe ya maƙale mini.